Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Fayif ɗin Panteka

Makon jiya na yi alkawarin ci gaba da labarin komawarmu gidan gado a Tudun Wadar Kaduna bayan an rufe masaƙar su Baba a Kakuri. Ku yi haƙuri, sai wani makon. Wata tsohuwar maganar Baffa ce ta dawo ta tsaya mini a rai tun ranar Juma'a, kuma na san halina, in ban amayar da ita ba ba zan iya rubuta komai ba.

"Ko biri yana lilo, amma ba wanda ya taɓa ba shi albashi." Haka ya faɗa a tsakar gida, gaban Goggo da matansa biyu da matan da suka zo barkar haihuwar Yaya, ina rataye a jikin fayif ban ma sauko ba. Aka kwashe da dariya. Inna ce kaɗai ba ta yi ba, ta ɗauki tsintsiyarta ta shige madafi.

Abin ya samo asali tun 1996, lokacin wasannin Olamfik na Atlanta. Kowa a unguwa ƙwallo yake jira, kuma ƙwallon ta biya, mun ci Brazil 4 da 3, muka ci Ajantina 3 da 2 a wasan ƙarshe, ni ma na yi ihu har murya ta dishe. Amma abin da ya zauna mini a kai daban ne. Wani Bature aka nuna a talabijin ɗin maƙwabta, yana riƙe da zobba biyu da ke rataye a igiya, ya buɗe hannuwansa dama da hagu, jikinsa tsaye cak a iska, ko rawa igiyar ba ta yi. Sai daga baya na san ɗan Italiya ne, Jury Chechi, wanda ya ci zinaren zobba a shekarar. Na saba ganin 'yan dambe, na saba ganin samarin layinmu masu ɗaga rodi da siminti a gwangwanin madara, suna nishi suna tada jijiyar wuya. Wannan kuwa fuskarsa a sake, kamar ba shi ke aikin ba.

Shekarun da suka biyo baya ba ni da abin cewa a kansu. Makaranta, rikicin 2000, zaman gida.

Sai da muka koma Tudun Wada na sami fili. Tsohon fayif ɗin ruwa na sayo a Panteka, kasuwar tsofaffin ƙarafa, da kuɗin da na tara a shagon guga, wani mai walda a nan cikin kasuwar ya yi masa ƙafafu biyu, na haƙa rami na dasa shi da siminti tsakanin rijiya da darbejiya. Ga katanga, ga bulo huɗu ragowar ginin banɗaki, ga tsohuwar igiyar guga. Iyakar kayana ke nan. Zobba na gaske na katako ne, ana rataye su kusan mita uku daga ƙasa, tsakaninsu santimita 50. Nawa tiyo ne na ruwa, na zura masa igiya na lanƙwasa na ɗaure, in na miƙe ƙafa sai ta ja ƙasa, dole kullum gwiwa a naɗe.

Mai ɗaga ƙarfe in yana son ƙarin nauyi sai ya ƙara ƙarfe. Wanda ba shi da komai sai jikinsa, nauyinsa ɗaya ne jiya da yau, dabararsa ita ce ya sauya yadda ya shimfiɗa shi. Ka rataye a fayif, hannu a miƙe, ka ɗago jiki ya kwanta a iska, bayanka na kallon ƙasa. In gwiwoyi na manne da ƙirji, mai haƙuri zai iya. Ka ɗan janye su daga ƙirjin, nan take allon kafaɗa zai gaya maka an ƙara masa aiki, domin duk yadda ƙafa ta yi nisa da kafaɗa haka nauyin ke ƙaruwa. Daga nan ka miƙe ƙafa ɗaya, sai biyu a ware, sai a haɗe, kuma kowane mataki yana iya cin watanni. Tsoka tana saurin yin ƙarfi, amma jijiyar gwiwar hannu da ta kafaɗa a hankali suke biyo baya, jini bai cika ratsa su kamar yadda yake ratsa tsoka ba. Shi ya sa yaran yanzu da ke ganin bidiyo a waya su yi tsalle zuwa matakin ƙarshe, ƙarshenta sai ka gan su a layin mai ɗori. Ni wani tsohon soja ne ya ja mini kunne, mai gadin wani gida a bayan layinmu. Ya ce, "Yaro, in hannu a miƙe yake, ƙirga goma ka sauka. Kada ka jira sai ya yi maka ciwo." Allah ya jiƙansa, ko sunansa na gaskiya ban sani ba, Saje kawai muke ce masa.

Da an idar da asuba nake farawa. In durƙusa a tabarma in murza wuyan hannu gaba da baya har ya yi ɗumi, sannan in kife, cikina na kallon katanga, in taka ta da ƙafa har in tsaya a kan hannu. Sai bulo: in ɗora tsumma, in dafa, in ɗaga ƙafafu a miƙe a gabana. Fayif shi ne na ƙarshe. Da hunturu ƙarfen sanyi ƙalau, gindin yatsu ya yi kanta ya tsage har jini, da dare in kankare kantar da dutsen kaushin Inna in shafa man kaɗanya. Da bazara in hantsi ya yi ba mai iya taɓa shi. Da azumi sai bayan asham. Abinci kuwa abin da gida ya samu, sai ƙuli-ƙuli da awara in aljihu ya yarda.

Na tuna Maris ɗin 2020 da aka kulle Kaduna saboda korona, aka rufe kasuwanni da masallatai da wuraren motsa jiki. Babban ɗan Baffa, wanda ke biyan kuɗin jim duk wata a Unguwar Rimi, damtse kamar zai fasa riga, shi ne ya riƙa bin lungu yana zuwa gidana. Na ajiye masa bulo biyu na ce bismillah. Bai kai ƙirga biyar ba ƙafafu suka faɗi, cinya na karkarwa. Ya ce, "Yaya, wai daman abin nan haka yake?" Na ce haka yake tun kana firamare. Ban ce masa ya je ya tambayi mahaifinsa labarin biri ba, amma ta zo mini har bakin haƙori.

In koma baya. Baffa dillalin hatsi ne, kasuwar Kawo ta san shi, kuma a wajensa ƙarfin da bai ɗauki buhu ba shiririta ne. Da iya nan ya tsaya da ban riƙe shi ba. Na je Zariya rubuta jarrabawa, na dawo na tarar da ramuka biyu a inda fayif yake. Ya sa almajirai sun tone, ya sayar wa 'yan gwangwan. Wai yara za su hau su faɗa rijiya. Rijiyar nan fa har muka bar gidan ba a yi mata murfi ba. Kuɗin kuwa ko sisi ban gani ba, kuma ba wanda ya ce mini yi haƙuri sai Inna.

Baba yana zaune a soro lokacin da aka fita da fayif ɗin, bai ce uffan ba. Na daɗe ina jin haushinsa a kan haka. To me zai ce? Mutumin da ya saba fita aiki da kekensa tun kafin a haife ni, yanzu hatsin da ake tuƙawa a gidan daga hannun ƙanensa yake fitowa. Ranar da Baffa ya yi maganar biri da albashi ma Baba na nan bakin ƙofar ɗakinsa yana gyaran rediyo. Ku da kuka san gidanmu ku gaya mini, da wa yake? Ni yaro ne da ko sakandare ban daɗe da gamawa ba, wa ke jiran albashina? Mutum ɗaya ne a gidan nan albashinsa ya tsaya, kuma kowa ya sani, har matan da suka yi dariyar.

Ban daina ba. Na koma reshen darbejiya da igiyata, na ci gaba da katanga da bulo, su dai ba mai sayensu a kilo. A reshen nan na fara iya kwantar da jiki a iska da ƙafa ɗaya a miƙe, ba wanda ya gani sai Autanmu da ke riƙe mini buta.

Yanzu a gidana fayif biyu ne, duka daga Panteka, da zobba na katako da wani kafinta ya fafe mini. Yaran layi suna zuwa Asabar da Lahadi, iyayensu kan aiko da ɗan abin da ya sawwaƙa, ban taɓa yanka wa kowa ba. A cikin kuɗin nake saya wa Baffa sukari da gero duk azumi, in kai masa Kawo da kaina, in durƙusa in gaishe shi. Yakan karɓa ya ce Allah ya yi albarka. Bai taɓa tambayar inda kuɗin ya fito ba, ɗansa kuwa na tabbata ya gaya masa.

Baba bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ya rasu yana jiran kuɗin sallamarsa, takardun na nan a jakar Inna cikin leda. Yadda muka yi ta jeka-ka-dawo a kansu, da abin da Baffa ya faɗa ranar sadakar uku, shi zan kawo mako mai zuwa in Allah ya kai mu.