Makullin rumbu

Wannan makon na miƙa reshen da nake kula da shi a aikin gina wata manhajar kwamfuta, na bar aikin bayan shekara biyar ina ba da gudummawa kyauta. Waɗanda muka yi zama tare sun san manhajar, sun kuma san wanda nake nufi idan na ce Oga, wato shugaban aikin.

Da na shigo, Subversion muke amfani da shi, wato tsarin da ke adana fayilolin aiki da tarihin duk canjin da aka yi musu. Rumbun fayiloli ɗaya, a kan saba ɗaya (babbar kwamfutar da kowa ke haɗuwa da ita), kuma mutum uku kacal ke da ikon ajiye canji a ciki. Mu sauran sai dai mu haɗa faci, wato fayil mai ɗauke da gyaran da muka yi, mu tura wa Oga ta imel, mu zauna jira. Akwai facin da na yi don gyara ƙ da ɗ da ɓ, waɗanda ke fitowa kamar alamar tambaya a takardun da ake bugawa. Wata biyu ya yi a akwatinsa. Da ya shiga kuma, sunan Oga ne a kai, domin Subversion sunan wanda ya ajiye kawai yake rubutawa. Ga kuma matsalar intanet: da zarar layi ya yanke, ba ajiya, ko tarihin fayil ba ka iya dubawa.

Shi ya sa na dage sai mun koma Git, wani tsarin adana tarihin aiki daban. A kowane zama sai na kawo labarin yadda Linus Torvalds ya rubuta shi a Afrilun 2005, bayan an janye wa masu gina Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, damar amfani da BitKeeper, tsarin da suke ajiya a kansa, kyauta. Na kawo misalin manyan ayyukan manhaja: Python da ta koma GitHub, shafin da ake ajiye rumbunan Git, a 2017, da FreeBSD da ta bar Subversion a ƙarshen 2020. Na bayyana cewa kowa zai riƙe cikakken tarihi a kwamfutarsa, ya yi ajiya ko babu intanet, kuma Git yana rubuta sunan wanda ya yi aikin daban da na wanda ya shigar da shi. Ranar da Oga ya amince, cewa ya yi, "To, ƙanena, in ta ɓaci kai za ka ɗauka."

Wata huɗu bayan haka ta ɓaci, kuma a hannuna. Wajen ƙarfe ɗayan dare ina gyara jerin ajiyata, na buga git push --force, umarnin da ke maye gurbin abin da ke saba da abin da ke kwamfutarka, ina zaton a reshena nake, wato layin aikina ni kaɗai, ashe babban reshen da aikin kowa ke haɗuwa na nufa. Aikin mutum shida na kusan mako uku ya ɓace daga saba. Na daɗe ina kallon allon, hannuna na rawa, na kasa ko tashi daga kujera. Laifina ne, ban taɓa musantawa ba. Da na yi amfani da --force-with-lease, wanda ke ƙin turawa idan akwai canji a saba da kwamfutarka ba ta san da shi ba, da wataƙila ya tsayar da ni.

Da asuba wata ɗaliba a cikinmu, wadda ba ta fi wata uku da shigowa ba, ta rubuto: "Yaya, jiya da yamma na jawo komai, yana nan a wurina." Cikin minti ashirin komai ya dawo, ko layi ɗaya bai salwanta ba. Abin da na shekara ina faɗa ke nan ya tabbata a gaban kowa. Amma a saƙon da Oga ya aika wa jama'a, sunana ya fito sau uku, nata ko sau ɗaya. Bai kuma ambaci cewa sau biyu na roƙe shi ya kulle babban reshe daga irin wannan turawar ba, alhali shi kaɗai ke da ikon yin hakan. Ya karɓe izinin turawa daga hannun kowa, muka koma mutum ukun nan na da.

A nan na gane abin da ban hango ba ina ta yaƙin canji. Git tarihi ya raba mana, bai raba iko ba. Ko a Linux, reshen Linus ne duniya ke kira na ainihi. Kana iya kwashe rumbun ka kafa naka, gaskiya ne, amma masu amfani da manhaja suna suke bi. Kuma zan yi wa Oga adalci a abu ɗaya: a Subversion ba yadda za a yi ɗan sa-kai ya share tarihi da umarni ɗaya.

Ga masu shigowa: ku kulle babban reshe tun ranar farko, ku duba inda kuke kafin ku tura, kuma duk roƙon da za ku yi wa shugaba ku yi shi a rubuce inda kowa zai gani.

Ajiyata ta ƙarshe layi ɗaya ce, na ƙara sunan ɗalibar a jerin masu gudummawa. Yau kwana tara tana jiran amincewar Oga.