Godiya bayan kare kundin digiri na biyu

Alhamdulillahi, abin da ake ta fargaba ya zo ya wuce lafiya. Ranar Alhamis na tsaya gaban malamaina a Jami'ar Jos na kare kundina kan yadda bakteriya ke ajiye sinadarin ƙarfe da yadda take fito da shi, kuma Allah Ya ba da sa'a.

Godiyar farko ga Farfesa, wanda ya duba aikin. Ranka ya daɗe, ban manta da tambayar da ka rubuta da jan biro a gefen babi na biyu ba: "Ta ajiye, na ji. To ta yaya take ɗaukowa?" A ganina nan ne ƙashin bayan aikin gaba ɗaya. Ajiyar ba ta da wuyar fahimta. Yawancin bakteriya ba ta rayuwa sai da ƙarfe, amma in ya yi yawa yana yawo a cikinta sai ya haɗu da haidurojin farokside su lalata mata DNA. Shi ya sa take tura shi cikin furotin masu rami a ciki: feritin da bakteriyoferitin, kowanne an gina shi da yanki 24, suna ɗaukar dubban ƙwayoyin zarra na ƙarfe, sai ƙaraminsu Dps mai yanki 12, da ke ɗaukar kusan 500. A ciki ƙarfen kan daskare kamar tsatsa. Fito da shi sai an narkar: a wata irin bakteriya mai suna Pseudomonas aeruginosa, wani ɗan furotin mai suna Bfd ne ke manne wa bakteriyoferitin, ya miƙa ilektiron ta cikin him, sinadarin nan da ke sa jininmu ja, sannan ƙarfen ya saki. In an toshe wannan haɗuwar, ƙarfe na jibge a ciki amma ƙwayar na fama da rashinsa.

Baba mai kula da ɗakin gwaji, Allah Ya saka da alheri. Cikin sanyin Jos na hunturu ka sha tsayawa har bayan isha'i kana lallaɓa janareta don kada farantaina na rainon bakteriya su lalace. Kai ka fara nuna min yadda suke yin kore-kore in ƙarfe ya yi wa ƙwayar ƙaranci, lokacin da take fitar da wani sinadari mai suna fayobadin don farauto shi.

Hajiyata kuwa, da na yi mata bayani, cewa ta yi: "Ashe dai rumbu ne, ka yi ta wahalar da mu da Turanci." Allah Ya ƙara lafiya, Hajiya. Yaya, kuɗin makaranta da na sinadarai duk daga aljihunka suka fito, Allah Ya ƙara buɗi. Uwargida, na gode da haƙuri.

Abokan karatu da mutanen Anguwan Rogo da suka yi ta addu'a, na gode. Wanda ban ambata ba ya yi min afuwa. Sauran 'yan gyare-gyaren da mai jarrabawa na waje ya nema, da zarar na miƙa su zan sanar da ranar walima, in sha Allahu.