Lambar takalmi tsawo kaɗai take aunawa

Dukanci sana'ar gidanmu ce. Yanzu ina da ɗan shago a gefen kasuwar Ƙofar Wambai a Kano, ni da yara masu koyon aiki. Muna ɗinka silifa da sau-ciki na maza da na mata, muna kuma gyara waɗanda aka sayo a kanti ko a gwanjo. A wurin gyaran nan ne nake yawan jin wani ƙorafi, galibi daga mata da suka manyanta: "Malam, duba mini takalmin nan, kamar akwai tsakuwa a ciki." In zazzage, in sa hannu in laluba, babu komai. Idan na tambayi inda take jin abin, sai ta nuna gaban tafin ƙafa, daidai gindin yatsu.

Akwai jijiyoyi da ke bi ta tsakanin ƙasusuwan wurin su shiga yatsu. Takalmi mai matsattsen baki yana haɗe ƙasusuwan su danne jijiyar, yau da gobe har naman da ke kewaye da ita ya yi kauri. Abin ya fi faruwa tsakanin yatsa na uku da na huɗu. Mai shi yana jin zugi ko raɗaɗi, wani lokaci yatsun biyu su mutu, sai ya cire takalmin ya murza ƙafar kafin ya samu sauƙi. Likitoci suna kiran ciwon da sunan Thomas Morton, likitan fiɗa na Amurka da ya yi bayaninsa a 1876. Kafin shi ma, a 1845, Lewis Durlacher mai kula da ƙafafun Sarauniya Victoria ta Ingila ya riga ya siffanta shi.

Laifin da ke wuyanmu masu sana'a shi ne awo. Mutum ya zo ya ce lambarsa 42, a miƙo masa 42, shi ke nan. Alhali lambar nan tsawo kaɗai take nunawa. Mutum biyu za su iya zama lamba ɗaya, ɗaya ƙafarsa siririya, ɗayan mai faɗi, musamman wanda ya girma yana yawo da silifa, yatsunsa sun saba bajewa. Yawancin takalman da ake shigo da su kuwa a kan siririn katako mai siffar ƙafa aka gina su, don baki mai tsini ya fi ɗaukar ido a kan kanta. In aka haɗa da dogon diddige, irin wanda 'yan mata ke kira ƙwas-ƙwas, nauyin jiki sai ya gangaro gaba ya sauka daidai inda jijiyar take.

Shi ya sa a shagona ba na yanka fata sai mutum ya tsaya a kan kwali na zana ƙafafunsa duka biyu. A tsaye, don ƙafa tana buɗewa idan ta ɗauki nauyi. Na fi son a zo da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura da zirga-zirgar yini, kuma ƙafar da ta fi girma nake bi. Ga mai wannan ciwo, ina buɗe bakin takalmin yadda yatsu za su motsa, diddige kada ya wuce santimita 5, sol kuma mai kauri wanda ba ya lanƙwashewa da sauƙi. Sai ɗan tudun soso da nake mannawa a ciki. Nan ne yara ke yawan kuskure, su sa shi a ƙarƙashin inda ke ciwo. Wurinsa yana ɗan baya kaɗan, kafin a kai gindin yatsun, don ya ɗaga ƙasusuwan su ware.

Ba kowa ke yarda ba. Lokacin biki, in uwar amarya ta kawo hoton takalmi a waya, maganar faɗi ba ta shiga kunnenta. Nakan ce, "Hajiya, wannan na zaman awa biyu ne a wurin dina, kada ya zama na zuwa aiki." Wasu su ji, wasu su wuce shagon gaba. Kuma gaskiya takalmi mai faɗi ya fi cin fata, ribarsa ba ta kai ta ɗayan ba.

Wanda ya canza takalmi makonni suka wuce ciwon bai lafa ba, asibiti nake tura shi, ga Asibitin Ƙashi na Dala nan kusa da mu. Likita na iya yin allura a wurin, in ta ƙi a yi aiki. Wanda kuma ya ce mini ƙafafunsa biyu ne ke zafi ko mutuwa, musamman da dare, ba na ma auna shi sai ya je an gwada masa sukari.