Inda na kwana a naɗin igiyoyin sandar jirgi

Salam 'yan uwa masu koyo. Igiyoyin gefe guda biyu da za su riƙe sandar filafilai, wato ƙyallayen da iska ke bugawa ta tura jirgin ruwana, sun kammala, saura ta gaba wadda ke tashi daga kan sanda zuwa hancin jirgi. Su irin waɗannan ba a ja ba a saki, in an ɗaure shi kenan, rana da ruwa duk a kansu suke ƙarewa, shi ya sa ake yi masu riga.

Kafin komai na ɗaure igiyar tsakanin bedi biyu a ƙofar gida, na ja ta tamau na bar ta ta miƙe don kanta. Kar ku yi gaggawa a nan, in ka naɗe ta ba ta gama miƙewa ba to ranar da ta ɗauki nauyi za ta sirance naɗin ya kama zamewa. Kuma don Allah a bar shuɗiyar igiyar robar nan ta kasuwa, rana na cinye ta, nailan kuma talewa yake. Mutanen da da zaren tsiro suke yi, sai wajen shekarun 1850 waya ta fara karɓe aikin a manyan jirage.

Tawa mai sili uku ce, tufkar dama. Na fara bin kwarin da ke tsakanin silin da siririn zare har jikinta ya yi sumul, sannan na yanka tamfol falle-falle na shafe da kwalta na naɗa, duka biyun suna bin tufka. Tamfol ɗin daga ƙasa ake farawa a yi sama, kowane falle ya hau kan na ƙasansa kamar kwanon rufi, ruwa sai ya gangare bai samu ƙofa ba.

Naɗin ƙarshe shi ne mai cin rai, kuma shi kaɗai ke saɓa wa tufka. Dalili, in igiya ta ji ja tana neman warwarewa, to naɗin da ya juya mata baya sai ya ƙara matsewa. Kafinta ya sassaƙa mani 'yar guduma ta katako mai kwarmi a kai, a kwanta ta kan igiya, a zagaya zaren jikinta da mariƙin sai a yi ta juyawa, ƙanena na biye yana miƙo ƙwallon zaren. Wallahi hannu kaɗai ba ya ba da wannan matsin, sai ka ga kwalta na tsatsowa tsakanin zare.

Kwaltar ma ba ta titi ba ce fa, wadda ake samu daga wani itace mai suna fayin ce, da aka san ƙasar Suwidin da ita, ta titi a zafin Katsina narkewa za ta yi ta ɓata maka filafilai.

In na gama ta gaban sai maganar kai jirgin dam ɗin Zobe bayan damina. Wanda ya taɓa gwada zaren rama a naɗin ƙarshe ya gaya mani ko yana jure gudumar.