Haidarabad a Makon Mauludi

Jinyar Yaya ce ta kai ni Indiya a Satumban 2024. Aikin gwiwa aka yi masa a wani asibiti a Haidarabad, kuma da jiki ya fara kyau, shi da kansa ya kore ni: "Kai, tashi ka je ka ga gari, zaman nan ya isa haka."

Adaidaita Sahu na tare, domin a can ma ita ce motar talaka, kuma daga ƙasarsu ake kawo mana yawancin namu. Mun yi ciniki da direban a kan rupi 150 zuwa Charminar. Sai da ya bi da ni wani shagon lu'ulu'u da ban ce ya kai ni ba, ya nace sai na shiga, don ana ba shi kamasho. Da na ƙi, muna isa ya ce kuɗinsa 400 ne, yana ɗaga murya mutane na kallo. Na miƙa masa abin da muka yi alkawari na yi gaba. Raina ya ɓaci ƙwarai, don baƙo ba abin wulaƙantawa ba ne.

Charminar ta mantar da ni shi. Gini ne mai hasumiya huɗu a tsakiyar tsohon gari, wanda Sarki Muhammad Kuli Kutub Shah ya gina a 1591, ana cewa don godiya ga Allah bayan wucewar wata annoba. Matakalar cikinta ƙunci gare ta, a murɗe take, kafaɗa na gogar bango. Daga sama kuwa kasuwa ce iya ganinka ta kowace kusurwa. A gindin ɗaya daga cikin hasumiyoyin akwai ɗan ɗakin bautar Hindu manne da ginin. Kuɗin shiga ne bai yi mini daɗi ba: baƙo yana biyan fiye da ninki goma na ɗan ƙasa, alhali a lokacin rupi ɗaya ya kusa naira 19. Mu a Kano baƙo muke yi wa rangwame.

Juma'a a Makka Masjid na yi ta, taku kaɗan daga nan. An fara ginin tun zamanin sarakunan Kutub Shah, ba a gama ba sai wajen 1694 a hannun Aurangzeb, sarkin daular Mughal, kuma ana cewa an haɗa da ƙasar Makka a wasu tubalansa, shi ya jawo sunan. Duwatsu ne manya-manya, farfajiyar cike da tattabaru, ga kaburburan sarakunan Nizam, waɗanda suka mulki Haidarabad daga baya, a jere ta gefe. Sai an caje ka da na'ura kafin ka shiga, domin an taɓa tayar da bam a wurin a 2007. Hanafawa ne, kowa ya ɗora hannu ƙasan cibiya, ni kaɗai na saki nawa. Muna sallamewa dattijon da ke gefena ya riƙo hannuna yana murmushi: "Maliki?" Na ce e. Ya ce ya yi sallah da mutanenmu a aikin Hajji.

Wannan bawan Allah ba zan manta da shi ba. Turare yake sayarwa, ɗan unguwar Barkas ne, inda jikokin Larabawan Hadramaut da suka yi wa Nizam aikin soja suke zaune har yau. Da guntun Larabcina da nasa muka fahimci juna. Ya rantse sai na ci abinci a gidansa. Aka yi shimfiɗa a ƙasa, aka kawo biryani a faranti ɗaya, shinkafa dogaye, naman rago ya dahu har yana rabuwa da ƙashi, yaji kuwa sai da na yi gumi. Da ya ji ina da majinyaci, ya sa aka cika wata kula. Na ce, "Baba, wannan ɗawainiya ta yi yawa." Ya ɗaga hannu sama kawai. Ko kuɗin ƙaramar kwalbar turaren da ya cusa mini a aljihu ya ƙi karɓa.

Shi ya gaya mini abin da ya fi tsaya mini a rai. A shekarar Mauludi ya faɗo kwana guda kafin ranar da Hindu ke rufe bikin Ganesh, abin bautarsu mai kan giwa. Hanyoyin jerin gwanon biyu ɗaya ne, ta tsohon gari. Sai shugabannin Musulmi suka zauna da gwamnati suka ɗage nasu zagayen zuwa 19 ga wata. An yi Mauludi a masallatai a ranarsa, fita titi kawai aka jinkirta. Na tambaye shi ko ba su ji an danne su ba. Ya ce garin ya sha ganin rikici a da, kuma Annabin da ake murnar haihuwarsa ba zai so a zub da jini da sunansa ba. Na yi shiru ina tuna garuruwanmu da abin da bai kai wannan ba ya ƙone su.

Ranar 17, ranar rufe bikin na Ganesh, na je bakin tafkin Husain Sagar na tsaya daga nesa. Gumaka a kan tireloli, ganguna har ƙirji na amsawa, matasa sun shafe juna da jan gari. Babban na unguwar Khairatabad ƙafa 70 ne, da ƙugiyar ɗaga kaya aka sunkuce shi aka nutsar a ruwa. A matsayina na Musulmi zuciyata ba ta karɓi abin ba, kuma na tausaya wa tafkin saboda fentin gumakan. Amma ba wanda ya harare ni, wata mata ma ta miƙo mini ruwan sha. Abin da ya dame ni ɗaya: ɗaukar hoton baƙin mutum ba sallama ba izini. Wannan ɗabi'a tasu ba kyau.

Ranar zagayen Mauludi gari ya koma kore, tutoci, ƙasidu da Urdu, yara a kan babura, ana rabon abinci kyauta. Na tuna Takutaha, sai dai namu ya fi kayan ado.

Ganuwar Golkonda, tsohuwar fadar sarakunan Kutub Shah da ke kan dutse, na hau ta da ƙyar. Idan aka tafa hannu ƙarƙashin ƙubbar ƙofar shiga, ana ji a can ƙololuwar dutsen, haka masu gadi ke sanar da fada a da. Aurangzeb ya yi wata takwas yana kewaye da ita kafin ya ci ta a 1687. A kasuwar Laad Bazar na saya wa matan gida awarwaro, daga rupi 1,200 muka sauko 400. Shayinsu akwai kauri da daɗi, amma kofin kurɓa uku ne. Fadar Chowmahalla ta sarakunan Nizam a gurguje na leƙa ta, domin a ranar aka sallami Yaya, ga haɗa kaya, ga neman keken guragu na filin jirgi.