Damfar bencin injin wasa ta zauna, har a kan janareta

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu koyo. Damfar da na haɗa wa bencin injin wasa, wato ƙarin nauyi mai lilo da ke rage girgiza, ta yi aiki. A wutar NEPA awon girgiza yana nuna 3 m/s², a janareta 5, alhali bencin nan da babu komai a jikinsa yana kai 16. Kun san duk abin da ya haura 9.8, wato ƙarfin jan ƙasa, sai washa da noti su fara tsalle suna faɗowa ƙasa. Yanzu sun zauna lafiya. Raina fes, domin abin ya wahalar da ni, kuma wahalar kusan duk a kan roba ta taru.

Ga yadda bencin yake: ƙafafun ƙarfen angul, saman katako mai kauri milimita 18, injin wasa mai duwatsu biyu na inci 6 a ɗaure a tsakiya. Motar tana juyi kimanin 2950 a minti idan ba ta da lodi, wato Hz 49.2 (sau 49.2 a daƙiƙa). Da na ƙwanƙwasa saman da gudumar roba, bencin ya amsa a Hz 48, sama da ƙasa. Tazarar da ke tsakanin 48 da 49.2 ba ta da yawa, shi ya sa yake rawa. An gyara fuskar duwatsun, an daidaita su gwargwadon iko, amma giram 1 kacal na rashin daidaito a bakin dutse mai inci 6 yana ba da ƙarfin kusan newton (N) 7 a wannan gudun, kuma nawa ya kai ninki biyu na haka. Na san wani zai ce a ƙara wa bencin tauri a huta. Gaskiya ne, sai dai kafin a ɗaga 48 zuwa 70 sai an ninka taurin fiye da sau biyu, kuma ƙarfen da za a gitta zai toshe wurin aljihun tebur.

Kafin a zaɓi nauyin damfa sai an san nauyin da ke motsi, kuma ba shi ne nauyin benci a sikeli ba. Na ɗaure ƙarfe mai kilo 2 kusa da injin, na sake ƙwanƙwasawa, firikwansi ya sauka daga 48 zuwa 44.9. Raba 48 da 44.9, ninka amsar da kanta, ka sami 1.143. Cire 1, raba kilo 2 da 0.143, ka sami kilo 14. Ku ɗaure ƙarfen da noti sosai, idan aka ajiye shi kawai zai riƙa tsalle ya ba da lambar banza. Duk awon da MPU6050 (ƙaramar na'urar auna motsi) da allon Arduino na yi shi, ina karantawa sau 1000 a daƙiƙa. Manhajar Phyphox a waya ta isa auna bencin, amma ba a ɗora waya a kan damfar kanta, domin giram 200 na waya zai canza saitin gaba ɗaya.

Damfa ta farko rodi ce mai zare M8, tsawon da ya fito kimanin santimita 12, da noti na giram 300 a bakinta, saiti a Hz 49. Irin wadda injiniya Hermann Frahm ya nemi rajistarta a 1909 ke nan: nauyi da sifirin, babu abin shanye girgiza. A wutar NEPA abin kamar sihiri, 16 ta koma 1. Sai aka koma janareta, awo ya tashi 13. An gudu ba a tsira ba.

Dalili shi ne irin wannan damfa ba ta kashe tudun, wato gudun da girgizar ta fi ƙarfi, raba shi biyu take yi, ta bar rami a tsakiya. Da giram 300 a kan kilo 14, sababbin tudun suna Hz 45 da 52. Ƙaramin janareta idan lodinsa bai da yawa yana gudu sama da 50, nawa yana ba da 52.5, motar ta bi shi zuwa 51.7, wato gindin tudu na sama. Idan firij ya tashi janaretan ya nishi, ko aka danna ƙarfe da ƙarfi a kan dutse, motar ta gangaro wajen 46, ta kusanci tudu na ƙasa. A 51.7 bakin rodin yana kaɗawa sama da milimita 1 kowane ɓangare, kuma ba a daɗe ba ta tsage a gindin zare, daidai wajen notin da ya riƙe ta. Rodi mai zare tana da daɗin saiti, amma kowane zare wurin fara tsaga ne. Kada ku bar ta a injin da zai yi dogon aiki.

Magani ya kasu biyu, kuma tun 1928 injiniyoyi Ormondroyd da Den Hartog suka nuna hanyarsa: a ƙara nauyi, a sa abin da zai shanye girgiza. Na ɗauki μ = 0.1, wato nauyin damfa ya zama kashi ɗaya cikin goma na kilo 14, kilo 1.4 ke nan, na raba shi hannu biyu, giram 700 kowanne, a ƙarƙashin saman bencin, daidai inda ya fi motsi. Lissafin Den Hartog ya ce saiti shi ne 48 a raba da 1.1, wato Hz 43.6, ma'aunin shanye girgiza, ζ, kimanin 0.17, kuma tudun ba zai wuce ninki 4.6 na lanƙwasar da wannan ƙarfi zai yi wa bencin idan dannawa kawai yake yi ba. Nauyin kaɗai ya ture tudun biyu zuwa wajen 40 da 54 da ɗoriya. Hakan ya taimaka, amma 52 tana kafaɗar na sama, kuma duk kunnawa da kashewa sai motar ta ratsa ta 40, bencin ya yi wata muguwar karkarwa.

A 43.6 tudu na sama ya fi na ƙasa tsayi nesa ba kusa ba. Lissafin ya ɗauka ƙarfin da ke tura bencin ɗaya ne a kowane gudu, mu kuwa namu na rashin daidaito ne, idan gudu ya ninka biyu shi ya ninka huɗu, don haka ɓangaren sama ya fi shan duka. Ga irin wannan, sai a raba 48 da tushen 1.1 (√1.1, kusan 1.049), a sami 45.8. Na tsaya a 45.5. Ƙa'idar da za ku riƙe: idan tudu na sama ya fi tsayi, ɗaga saitin damfa, idan na ƙasa ne, sauke shi. Don ganin tudun biyu na ɗaure ƙaramar mota ta 12V da noti a gefe guda na sandarta, ina juya ta daga 1800 zuwa 3600 a minti.

Yanzu ga inda na daɗe. Ta ina za a samo ζ na 0.17? Hanyar awo mai sauƙi ce: ɗaure damfar a wani abu mai nauyi da ba ya motsi, ƙwanƙwasa, ƙirga kaɗawa nawa kafin girman ya ragu rabi, raba 0.11 da wannan adadi. Falalen ƙarfe 25×4, tsawo kimanin milimita 105, shi kaɗai sai ya kaɗa sau 11, wato 0.01. Na nannaɗe shi da tib ɗin babur tun daga gindi har baki, ya koma 0.02. Na ƙara naɗi, na ja shi har yatsuna suka yi zafi, bai wuce nan ba. Abin haushi, ga roba jibge a jikin ƙarfe amma kamar babu ita.

Maganaɗisu na biyo baya, masu ƙarfin nan na niyodimiyam, suna wucewa kusa da farantin alminiyam mai kauri milimita 5. Tsaf-tsaf, babu gogayya, babu zuba. Amma ku yi lissafi kafin ku saya: abin da ake bukata shi ne 2 × 0.17 × 1.4 × 286 (286 shi ne 2π × 45.5), kusan 136 N·s/m, kuma guda biyu masu faɗin milimita 25 ba su ba ni 10 ba. Kuɗin waɗanda na saya ya haura na sababbin duwatsun wasa guda biyu, har yanzu yana min ciwo. Ga kuma garin ƙarfe, wanda a bencin wasa ba ya ƙarewa, ya lulluɓe su nan da nan ya cike tazarar. Man giya 140 a gwangwani da ɗan faifai a ciki ya ba da shanyewa mai kyau da safe, da rana ta take ya tsinke ya ragu sosai, kuma yana tsartuwa ko'ina.

Abin da ya warware matsalar yana gaban injin mota. Fulin da ke bakin kiranshaf, wanda ke da zoben roba tsakanin cibiya da ƙarfen waje, damfa ce mai saiti, kuma babu sifirin na ƙarfe a cikinta. Robar ita ce sifirin, ita ce mai shanyewa. Roba ba ta shanye komai sai abin da aka ɗora mata. Taurin ƙarfe ya kai MPa 200,000, na roba 'yan ƙalilan ne, don haka idan aka naɗa ta a bayan ƙarfe, ƙarfen ne ke ɗauke da kusan dukan lodin, ita tana bin sa kawai. Shanyewar damfa gaba ɗaya ita ce shanyewar robar a ninka da kason taurin da ke wuyanta. Robar butil, wadda ake yin yawancin tib da ita, tana da adadin asara, wato ma'aunin shanyewar robar kanta, wajen 0.4, kuma ana bukatar ninki biyu na ζ, kimanin 0.3. Ashe dole robar ta ɗauki kashi biyu cikin uku na taurin, ko fiye.

Sai na raunana ƙarfen da gangan. Falale 25×3, tsawo milimita 120 daga wurin ɗauri zuwa tsakiyar nauyin, da giram 700 a bakinsa yana kaɗawa a Hz 26 kacal. Raba 26 da 45.5, ninka da kanta, ka ga kashi ɗaya cikin uku. Aikinsa yanzu riƙe nauyin ne kada ya karkace. Ragowar taurin, kimanin N 38 a kowace milimita ga kowane hannu, daga roba yake zuwa. Na yanka tib, na wanke hodar da ke ciki da fetur, na goge da sanfefa, na manna falle huɗu da sholisho irin na masu faci, kauri ya zama milimita 8. Kowane nauyi yana da irin wannan guda biyu, ɗaya a kowane gefe, a matse tsakanin nauyin da guntun angul da aka ɗaure a bencin. Idan nauyin ya yi sama da ƙasa, robar gocewa take yi, ba dannuwa ba. Na fara gwada ta a danne a ƙarƙashin nauyin, taurin ya yi yawa, sai an tara kusan santimita 3 kafin a sauko 45, ga shi tarin yana kwantawa gefe.

Ku fara da faɗin 15×15, za ku ga saitin ya haura 50, sannan ku riƙa ragewa da reza kaɗan-kaɗan. Nawa ya tsaya a 12×12. Matsin angul ɗin ya zama kamar milimita 1 a kowane gefe. Idan ya gaza haka robar na zamewa idan sholisho ya saki, idan ya wuce ta kumbura ta taɓa hannun. Ƙaramin gyara da washa nake yi: babbar washa ta giram 14 a kan giram 700 tana sauke saiti da kusan rabin Hz. Hannayen biyu kowanne a saita shi daban, sannan a haɗa. Idan suka bambanta da Hz 1 babu laifi, har ma yana ɗan faɗaɗa wurin da damfar ke aiki. Yanzu girman kaɗawa yana raguwa rabi kafin zagaye ɗaya ya cika, ζ wajen 0.12. Bai kai 0.17 ba, kuma ba zan bi shi ba. Kuskuren saiti da Hz 2 ya fi wannan giɓin ɓarna. Tudun biyu suna nan a 41 da 54, amma sun zama gangare.

A lura, damfa ta farko ta fi wannan kyau a wutar NEPA, 1 ce a kan 3. Wanda injinsa ke gudu ɗaya ba ya canzawa, mara shanyewa ta fi masa, a yi ta da falale ba rodi mai zare ba. Amma mafi yawanmu tsakanin wuta biyu muke. Ko ƙwallon ƙarfen nan mai tan 660 da ke rataye a saman ginin Taipei 101 a Taiwan, ba a bar shi yana lilo haka kawai ba, akwai silindoji masu mai a ƙarƙashinsa suna shanye motsin, domin iska ba ta da gudu ɗaya.

Abin da ya saura zafi ne. Roba na tauri da sanyi, tana laushi da zafi. Tsakanin safiya da azahar saitin yana yawo da kusan Hz 1.5, kuma bayan minti 20 na aiki robar da kanta tana ɗumi, tunda girgizar da ta shanye zafi take zama. Don haka ku yi saiti bayan injin ya ɗan yi aiki, ba da sanyin safiya ba. Idan hunturu ya shigo zan ƙara washa ɗaya ko biyu a kowane hannu. Akwai kuma wata kaɗawa ta gefe a Hz 19 da ke bayyana lokacin da motar ke tsayawa. A kanta nake so in gwada tsarin Stockbridge, waɗannan ƙarafa masu kai biyu da ke rataye a manyan wayoyin lantarki kusa da turaku, inda silin igiyar ƙarfe ke goga juna su shanye girgiza, babu ruwansu da zafin rana. Ina da guntun igiyar ƙarfe mai kauri milimita 8. Wanda ya taɓa auna ζ na irinta ya faɗa min tsawon da ya bari tsakanin maɗauri da nauyin, da kuma yadda ya hana bakin igiyar warwarewa.