Baƙin lambuna a farkon damina

Bana ruwa ya sauka da wuri a Zariya, tun watan Afrilu, kuma bai zo da wasa ba. Shamuwa na dawowa kan bishiyoyin unguwa na yi kunyoyi a bayan gida, na shuka kuɓewa da yakuwa, na yafa alayyahu. Alayyahun ya yi kyau. Tumatir kuwa ba ya son ƙasa mai riƙe ruwa, saiwarsa ta ruɓe, ganyen ya yi ɗorawa, dole na tuge shi.

Kwaɗi sun cika kwatami, ba sa barin mutum ya runtsa, amma na hana yara jifansu. Su ke cinye min tsutsotsin da ke huda ganye. Ranar da shinge ya fito bayan magariba, sai ga su jere ƙarƙashin fitila, sun ƙoshi har ba sa iya tsalle. Akwai kuma bushiya da ke kwana cikin tarin ganyen zogale, tana bin dodon koɗi da dare. Saboda ita na daina share wannan lungun.

Sauro ne kawai ban yi wa uzuri ba. Duk gwangwani da tsohuwar taya na kife su, ciyawar gindin katanga kuma na nome ta saboda maciji.